Tiren Baba, Ledar Mama

Shafi na 11

Masu bi na har cikin akwatin saƙo suna cewa na bar su a rataye, ku yi haƙuri, wayar ce ta ƙi karɓar caji. Ke kuma da kika ce idan wani abu ya sami Gwani ba za ki yafe min ba, na ga saƙonki. Mun tsaya inda Gwani ya yanke jiki ya faɗi a filin wasan makaranta, aka kira mahaifiyarsa daga shagon ɗinkinta. To, ku gyara zama.

*

Da tef ɗin awo rataye a wuyanta Maman Gwani ta shiga ofishin likitar. Ba ta ma san da shi ba sai da ta ga idon likitar a kai, sannan ta zare shi ta dunƙule a hannu.

"Ke ce mahaifiyarsa?"

"Ni ce, likita. Yana ina? Yana numfashi?"

"Yana numfashi. Ya farfaɗo har mun yi magana. Mun ɗaura masa ƙarin ruwa, barci ya ɗauke shi. Zauna mana."

Ta ɗosana a bakin kujera.

"Rana ce, na sani. Malamin wasannin nan ba ya tausayin yara, da tsakar rana zai ce su zagaye fili."

"Ba rana ba ce." Likitar mace ce mai ɗan shekaru. Ta tura gilashinta sama, ta jawo kujerarta kusa. "Zan yi miki tambayoyi, ki daure ki tuna. Kwanakin nan yana yawan shan ruwa?"

"Sosai. Ko jiya sai da na yi masa faɗa, ya shanye duk na cikin firij bai rage min ko kurɓi ba."

"Fitsari fa?"

Ɗakinta yana jikin banɗaki. Ta sha jin ƙarar ƙofar cikin barci, sai ta juya ta ja bargo tana cewa yaron nan da kallon waya.

"Yana yawan tashi."

"Baƙin nan na bayan wuyansa, tun yaushe?"

"Wannan ai ƙazanta ce, likita. Kin san samari da ƙin wanka. Har soso mai kaushi na sayo, ranar hutu da kaina na kama shi na dirje wajen sai da ya yi ja."

"Ya fita?"

"Bai fita ba."

"Ba zai fita ba, don ba dauɗa ba ce. Alama ce. Ɗanki yana da ciwon sukari. Jininsa ma ya hau. Hoton cikin da muka ɗauka kuma ya nuna kitse ya fara kwanciya a hantarsa."

Wata 'yar dariya ta suɓuce wa Maman Gwani, ita kanta ba ta san daga inda ta fito ba.

"Likita, ko dai sakamakon wani aka haɗa da nasa? Shekararsa goma sha biyar fa. Sukari da hawan jini ai kakata ce ta yi su."

"A da tsofaffi muka fi gani da irin wannan. Yanzu sa'anninsa ma suna zuwa mana. Me yake ci?"

"Abinci."

"Wane iri?"



Tun da aurenta da babansa ya mutu, shagon nan ya zame mata komai. Kekunan ɗinki uku, ma'aikata biyu, masu kaya kowa na son nasa jiya. Takan dawo gida bayan faɗuwar rana, bayanta kamar zai ɓalle, idanunta na yaji saboda zura zare. A farkon lamarin ranar Asabar kawai take danna waya, mai babur ya kawo leda mai zafi: soyayyiyar kaza, soyayyen dankali, babbar kwalbar lemo. Ranar da aka fara kawowa, ita ce ranar da ta fara ganin haƙoran Gwani tun tafiyar babansa. Daga Asabar aka ƙara Laraba. Daga nan kuma ba ta san ranar da aka daina lissafi ba. Babbar tukunyarta tana can saman kabad, ta kife ta tun bara.

"Na waje ne," ta ce, muryarta can ƙasa. "Da daddare. Kaza, dankali, wani lokacin fiza. Da lemo."

"Kullum?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba tuhumarki nake yi ba," in ji likitar. "Akwai gado a ciki, akwai rashin motsa jiki. Amma mai da gishiri da sukarin da ke cikin irin abincin nan, jikin yaro ba zai iya da su kullum ba. Balle sau biyu a rana."

"Sau ɗaya dai."

"Shi ya ce min sau biyu. Bayan an tashi makaranta, da kuma dare."

"A'a, likita. Bayan an tashi makaranta yana tsayawa ƙarin darasin lissafi. Sai yamma yake dawowa."

Likitar ta dube ta.

"To, abin da ya faɗa min kenan. Ki kwantar da hankalinki, ana shawo kan ciwon nan idan an kiyaye. Akwai sauran gwajin da muke jira. Ki zauna a waje, idan ya tashi za a kira ki."

*

Bencin barandar na ƙarfe ne, mai sanyi. Ta zauna tana warware tef ɗin tana naɗe shi.

Ita ce ke ɗinka masa kayan makaranta. Duk zangon karatu sai ta zagaya tef ɗin nan a ƙugunsa, duk zango sai ta saki wandon. Da yadin da ta bari a ɗinkin ya ƙare, ta yi masa ƙari a baya. Ma'aikatanta suna dariya suna cewa, "Anti, ɗanki ya samu hutu," ita kuma har wani daɗi take ji. Ai ko ba komai, ba wanda zai ce tun da uban ya tafi yaron ya rame.

A duniya babu wanda ya kai ta sanin faɗin ƙugun yaron nan. Ta sani, ta ƙara yadi, ta koma kan keke.

Takun takalmi mai nauyi ya sa ta ɗago.

Baban Gwani ne, cikin shuɗin kayan aikinsa na gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, hannunsa duk baƙin mai. Ya rame. Rabon da ta gan shi kusa haka tun ranar da aka raba su, aka ce yaro zai zauna wajenta, shi kuma ya riƙa ganinsa ƙarshen wata. Ita ce ta ƙara da cewa kada ya kuskura ya tako mata ƙofar gida.

"Ina yake? Me ya same shi?"

Ta miƙe.

"Wa ya kira ka?"

"Maman Gwani, ba lokacin wannan ba ne. Yana ina?"

"Lambata kaɗai ce a makarantar. Wa ya gaya maka?"

"Na jira shi ne bai zo ba. Sai wani ɗan ajinsu ya shigo, ya ce min an ɗauke shi a mota."

"Ka jira shi a ina?"

Ya kalli hannunsa, ya goga a jikin wando.

"Na ce a ina ka jira shi?"

"Gidan kazar nan na bayan makarantarsu."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a tsakiyar kai.

"Ƙarin darasin lissafin kenan."

"Ki tsaya ki ji..."

"Tun yaushe?"

"An kwan biyu."

"Tun yaushe, Baban Gwani?"

"Ya haura shekara."

"Innalillahi!" Ta dafe bango. "Shekara guda kana ɗura wa ɗana guba a bayan idona?"

"Guba? Wace irin guba? Abinci ne fa."

"Sukari gare shi! Jininsa ya hau! Hantarsa ta yi kitse! Yaron da ko gemu bai fara ba!"

Wata nas da ke wucewa da tire ta juyo. "Don Allah ku sassauta, akwai marasa lafiya."

Baban Gwani ya zauna a bencin. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Sukari?"

"Abin da ka ji."

"Ni... ni ganinsa kawai nake so." Muryarsa ta dushe. "Sau ɗaya a wata, ke kin san ba rayuwa ba ce. Gidanki kin hana ni. Ɗakina ɗaya ne, kayan aiki sun cika shi, ko wajen zama babu. Nan ne kawai ake da kujera da sanyi, ba mai korar ka. Amma ba za ka zauna wa mutane a shago ba ka sayi komai ba. Sai in karɓo masa tire guda, ya ci, yana ba ni labarin makaranta. Idan ya cinye in ga kamar zai tashi, sai in ƙaro masa lemo don ya ƙara zama."

"Ba ka ga yadda yake kumbura ba?"

"Na gani. Na ce girma ne."

"Ba ka ga ya bar ƙwallo ba? Kai da ka laƙaba masa Gwani saboda ƙwallo?"

"Ya ce min gwiwarsa ce ke ciwo." Ya share fuska da hular. "Kuma wallahi na yi tunanin abin. Na ce a raina sau ɗaya a rana ba zai yi masa komai ba, tunda da daddare yana cin girkinki. Kullum sai ya ba ni labari. Jiya Mama ta yi shinkafa da miyar ganye, shekaranjiya ta yi wake da kifi. Har yawuna yake tsinkewa. Na ce to, uwarsa tana gyara abin da na ɓata."

Ta buɗe baki, maganar ta maƙale.

Ya ɗago ya dube ta. Shekara goma sha bakwai suka yi tare, ya san shirunta kala-kala.

"Maman Gwani?"

Ta kawar da kai.

"Ba kya girkin?"

"Yaushe zan yi? Kana ganin ƙarfe nawa nake dawowa? Wa zai riƙe min shagon in tsaya yankan albasa?"

"To me yake ci da daddare?"

Ta ci gaba da naɗe tef ɗin.

"Me yake ci?"

"Irin naka," ta ce. "Daga waya nake sa a kawo."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta jira ya yi mata ihu. Ta ma fi son ya yi, ko ta samu abin ramawa. Amma sai ya sunkuyar da kai kawai, kafaɗunsa suka fara rawa. Tsawon zamansu ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinsa ya rasu.

Ta koma ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Faɗin mutum biyu ne a tsakaninsu.

"Ina shigowa gida zai ce min, 'Mama, yunwa nake ji,'" ta ce, ba tare da ta kalle shi ba. "Ko sau ɗaya bai taɓa rage ko ƙashi ba."

Ƙofar ɗakin da ke gefensu ta buɗe. Nas ɗin ɗazu ce.

"Ya tashi. Ya ce ku shigo ku biyun." Ta ɗan rage murya. "Ya jima da tashi fa. Tagar a buɗe take."

*

Gwani yana kwance, robar ƙarin ruwa a bayan hannunsa. Rigar asibitin ta matse shi a hammata. Leɓɓansa sun bushe, fuskarsa ta yi wani irin fari. Da ya ga sun shigo tare sai ya ja zanin gadon har haɓa.

Maman ta tsaya a dama, baban ya tsaya a hagu.

"Sannu, ɗana. Ina ke yi maka ciwo?"

"Babu, Mama."

"Sannu, Gwanina," in ji baban.

"Yauwa, Baba." Ya kalli wannan, ya kalli wancan. "Don Allah kar ku yi faɗa. Ni ne na yi ƙarya."

"Ba wanda zai yi faɗa," ta ce. Ta zauna a gefen gadon ta kama hannun da babu allura. "Abu ɗaya kawai nake so ka gaya min. Idan ka ci a wajen babanka ka ƙoshi, me ya sa kake cewa kana jin yunwa?"

Ya kalli silin.

"Faɗi, ba zan yi fushi ba."

"Idan na ce na ƙoshi za ki tambaye ni inda na ci."

"Shi kenan?"

"Kuma..." Ya haɗiyi yawu. "Lokacin ne kawai kike zama. Idan ledar ta zo kina ajiye waya, ki zauna a ƙasa kusa da ni, ki ɗauki dankali ɗaya-ɗaya kina tambaya ta makaranta. Idan babu ledar, ɗaki kike shigewa ki kwanta."



"Ni kuma fa?" in ji baban. "Me ya sa ka ce min tana yi maka girki?"

"Don kar ka ce ba ta kula da ni, ka je ka ce a ba ka ni. Ni kuma ba na son a sake zaman nan da aka yi ranar da aka raba ku."

Ruwan robar yana ɗiga a hankali.

"Da farko daɗi nake ji," Gwani ya ci gaba. "Wa zai ƙi kaza sau biyu? Abokaina har cewa suke na fi kowa gata. Daga baya ko ban so ba sai na ji ina nema. Idan ban sha lemon ba kaina ciwo yake. A aji barci nake yi, allon ma wani lokacin hazo-hazo nake gani. Idan na hau benen makaranta sai na tsaya a tsakiya in yi kamar ina ɗaure takalmi."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na gaya miki ina gajiya. Kika ce wanda bai yi aikin komai ba ina ya ga gajiya."

Ta tuna. Tana yankan yadi ne a ranar, almakashi a hannu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙwallon fa?" Baban ya matso. "Ba gwiwa ba ce ko?"

Gwani ya girgiza kai. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

"Cire ni aka yi. Malam ya ce ba na iya gudu. Ya mai da ni gola, nan ma aka ce na cika nauyi. Yanzu ba mai ce min Gwani a makaranta sai ku. Buhu suke ce min. Yau ma cewa suka yi wai Buhu ba zai iya zagaye fili ba, shi ya sa na shiga gudun."

Baban ya juya ya fuskanci bango.

Maman ta ɗora goshinta a kan hannun yaron. Hannun da zafi, ga laushi kamar na jariri.

"Ka yafe min," ta ce. "Daga yau da kaina zan riƙa girka maka. Shagon ya rufe idan ya ga dama. Babanka kuma ya zo gida duk ranar da yake so, ya zauna a falo, ba mai hana shi. Ka ji?"

"Da gaske, Mama?"

"Da gaske."

Ya yi ɗan murmushi, amma bai kai ko'ina ba ya ɓace. Ya yamutsa fuska, ya kai hannu gefen cikinsa na dama ya dafe.

"Mene ne?"

"Ba komai. Yana yi min haka wani lokacin." Ya numfasa da ƙyar. "Mama, akwai abin da ban gaya wa likita ba."

Baban ya juyo.

"Na ji tsoro ne kar ta kira makaranta."

"Mene ne, Gwani?"

"Wani yaro ne a ajin gaba da mu. Yana sayar da wasu ƙwayoyi, ya ce suna ƙona kitse, wai ko me mutum ya ci ba zai yi ƙiba ba. Na ce in na sha zan rame, in koma ƙwallo, ku kuma ba sai na daina cin na kowa ba."

"Ƙwayoyi?" Muryar baban ta tashi. "Wane iri? Ya sunansu?"

"Ba su da suna. A farar leda yake ba ni."

"Tun yaushe kake sha?" Maman ta riƙe kafaɗarsa.

"Tun farkon zangon nan. Ɗaya ya ce in riƙa sha. Da na ga ba na ramewa sai na ƙara. Yau da safe, saboda gudun..."

Ya tsaya. Gumi ya keto masa a goshi.

"Yau da safe nawa ka sha?"

Ya buɗe baki. Maimakon magana sai ya dunƙule, ya juya gefe, amai ya ƙwace masa a kan farin zanin gadon.

Ba abinci ba ne ya fito. Wani abu ne baƙi-baƙi, da jirwayen ja a ciki.

"Likita!" Baban ya banke ƙofa ya fita a guje. "Likita!"

Maman ta tallafo kan yaron da hannu biyu.

"Gwani! Kalle ni! Nawa ka sha?"

Idanunsa suka juye sama, hannun da ke riƙe da rigarta ya saki.